Kuɗin tsaro a Katsina: jiha ce za ta biya ko ƙananan hukumomi?

Ɗan kasuwa, cikin gari: Salamu alaikum jama'a. Ni fa ra'ayina tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to duk 34 ɗin nan namu su ɗauki rabin kuɗin man motocin sintiri da alawus ɗin jami'ai, jiha ta ɗauki rabi. Ba zai yiwu ciyaman ya amshi kaso duk wata ya ce tsaro aikin gwamna ne ba.

Malamar firamare: Yaya da wane kuɗin dan Allah? Albashinmu daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, ga ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, ga fansho, mi ya rage? Ƙananan hukumomi 774 ne ke raba kashi 20.60 na asusun tarayya, Abuja ita kaɗai tana da 52.68, kuma ɗan sanda nata ne, sashe na 214 na kundin 1999 ya ce rundunar ɗaya ce tal, kwamishina ma daga can ake turo shi. Su fara biya tukuna.

Manomi daga yamma: Malama gaskiyarki a takarda, amma wlh ranar da 'yan bindiga suka shigo mana bayan isha'i mun kira caji ofis aka ce mota ba mai, har gari ya waye ba wanda ya zo, shanun yayana bakwai aka kora har da na huɗa. Washegari a ƙofar masallaci muka shimfiɗa tabarma kowa na aje ɗari biyu ɗari biyar, wata tsohuwa ta aiko da tiyar gero a sayar, muka sai jarka biyu muka kai masu. To mu dama muna biya, sai dai ba a rubutawa.

Ɗan Daura: Allah ya kyauta kawu. Shi ya sa nake ganin kowace ƙaramar hukuma ta riƙe nata, ciyaman ya fi kusa, in mota ba mai ka san gidan da za ka je.

Manomi daga yamma: A'a ɗana. In kowa ya riƙe nasa ai Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su za su ɗauki kayan da ya fi nauyi, alhali su ne gonakinsu suka koma daji, kasuwanni suka ja baya, harajin ma wa za a tambaya? Masarar da ake ci a Daura wani sa'in daga Dandume ta taso. A tara wuri guda a jiha, a ba kowa gwargwadon wutar da ke ci masa.

Ɗan kasuwa, cikin gari: Tarawa wuri guda ai shi ne asusun haɗin gwiwar jiha da ƙananan hukumomi da muka yi shekaru muna kuka da shi.

Baba, tsohon ma'aikacin En'e: Yara ku saurara. Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, 'yan sandanta da ake kira 'yan doka daga baitulmali ake biyansu, sun san kowane lungu, ɓarawo ba ya kwana biyu a gari, amma da su aka riƙa kama 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU, shi ya sa mulkin soja ya haɗe su da na tarayya. Wanda ke biyan jami'i shi jami'in ke ji wa magana. Dakarun tsaron da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 'ya'yan yankin ne, ina son su, shi ya sa ba na so albashinsu ya rataya a hannun ciyaman.

Malamar firamare: Baba to in dole sai an cire mana, a riƙa manna takardar abin da aka cire a bangon sakatariya duk wata, lita nawa, mota nawa.

Manomi daga yamma: Wannan na yarda. Damina ta kusa, ni dai motar ta tashi in mun kira.