Musayar Waƙa: Wutar Daji a Jami'ar Cape Town

Uwar Baiti:
Assalamu alaikum. Maudu'in wannan zagaye shi ne wutar da ta sauko daga Dutsen Tebur ranar Lahadi 18 ga Afrilu 2021, ta faɗa Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, ta cinye zauren karatu na Jagger inda ake adana littattafan nazarin Afirka. An kwashe ɗalibai kusan 4,000 daga ɗakunan kwanansu, ana kwanakin farko na azumi. Ƙwar huɗu za mu yi, amsa-amon waje "ta". Na buɗe.

Bismillahi da shi nake farawa,
Sarkin da ke ba mu, yake karɓewa,
Iska ta hau dutse tana hurawa,
Ta sauko makaranta ɗauke da wuta.

Rufin Jagger ya kama ana kallo,
Ilmin da ya faro tun daga allo,
Ya zama toka, babu wanda ya ɓullo,
Sai wanda ƙyauren ƙarfe ya ceta.

Ɗalibai suka fito cikin hayaƙi,
Da yawansu a birnin nan baƙi,
Ba kaya, ba guzuri, gudun yaƙi,
Amma ba rai ɗaya da ya salwanta.

Barkono:
Inna, a gafarce ni.

Inna kin rataya kome ga ƙaddara,
Wa ya dasa fayin a dutse ya tara,
Ya bar su gab da gini ba a sara?
Wannan sakaci ne, kar a musanta.

Manzo ya ce raƙumi a ɗaure,
Sannan tawakkali, ke kina zaure,
Kina ce mana mu yi shiru mu daure,
Wa za ya amsa laifin da ya aikata?

Tsira da aminci su tabbata ga Manzo. Ciyayin dutsen nan dama sun saba ƙonewa duk bayan shekara goma sha wani abu, da wutar ma irinsu ke tsirowa. Fayin ɗin nan, itatuwan ƙasar waje da Turawa suka dasa, su ne ke ci da ƙarfi, suna watsa tartsatsi iska na kai shi kan rufin gine-gine.

Zabiya:
Kai, Barkono, Allah ya ƙara basira! "Ɗaure" da "daure" a baiti guda, wannan sai gwani. Inna, yau fa yaro ya sha gabanki.

Malam Arulli:
Wace gwaninta? Ɗangon farko na baitinsa na biyu gaɓa 10 ne, na ƙarshe 12, kuma nauyinsu bai zo ɗaya ba. Karin ya karye tun daga tsakiya. A gyara ƙafa tukuna, sannan a yi kirari.

Uwar Baiti:
Malam, ƙyale shi, ni zan ji da ɗana.

Ɗana ka zo da zafi, ka yi sauri,
Ban ce a kwanta ba, ban hana ɗauri,
Shi tawakkali aiki ne mai tauri,
Dubi jama'ar birnin da himmarta.

Ruwan kashe wutar ya bi ta ƙasa,
Ya sami takardun da wuta ta rasa,
Manya da yara suka zo ba wasa,
Hannu da hannu akwati na fita.

Jiƙaƙƙu aka sa cikin ƙanƙara,
Kar fumfuna ta ci su a ƙara asara,
Ɗaya bayan ɗaya ake ta gyara,
Wannan ibada ce, ka fahimta.

Masu aikin sa kai kusan 2,000 suka yi fiye da mako biyu suna jera layi daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa har waje, kowa na miƙa wa na kusa da shi. Takarda in ta jiƙe kwana kaɗan take yi ta soma ruɓa, shi ya sa aka daskarar da su har a samu sukunin busar da su a hankali. Wanda ya ce ƙaddara ta hana shi motsi ba zai yi wannan ba.

Gimbiyar Alƙalami:
Allahu Akbar! "Takardun da wuta ta rasa." Zabiya, ina bakinki yanzu? Manya gatan wasa, Inna.

Zabiya:
Bakina na nan, Yaya. Ta ba da labarin kwashe kaya, ba ta amsa maganar itatuwa ba.

Barkono:
Inna, na sara wa masu akwati, tambayata dai na nan. Bari in fara sallamar Malam.

Malam ana zancen ɗakin da ya ƙone,
Kai ko kana ƙirgen gaɓa a zaune,
Kuskuren wani kawai kake so ka tone,
Kawo waƙarka mu duba ƙafarta.

Malam Arulli:
Ka ce in fito, ga ni yaro, tsaya,
Ina jin wutar nan a can zuciya,
Rubutun da shi ɗai yake duniya,
Ya ƙone, asarar ga wa zai biya ta?

Baharin Mutaƙarab ke nan, ɗaya daga ma'aunan arulli, ilimin awon waƙa, je ka auna. Kuma da gaske nake: gini ana sake shi, amma a zauren nan an yi asarar finafinan Afirka kusan 3,500 da littattafan da wasu tuni an daina buga su. Godiya ga Allah, kundin Bleek da Lloyd, littattafan rubutun hannu na harsunan mutanen San, 'yan asalin kudancin Afirka, tun shekarun 1870, ya tsira.

Zabiya:
Na auna, Malam. Ɗango uku na farko gaɓa 11, na huɗu 12. Abin da ka kama Barkono da shi ke nan.

Malam Arulli:
Ba ɗaya ba ne, 'yata. Ukun farko an yanke gaɓar ƙarshe ta ƙafa ta huɗu, hazafi ke nan, arulli ya yarda da shi a wannan bahari. Na huɗu ya zo cikakke. Shi kuwa nasa ba a san ma baharin da ya hau ba.

Zabiya:
Wato in kai ka ƙara gaɓa ilimi ne, in yaro ya ƙara gurguntaka ce.

Gimbiyar Alƙalami:
Ki koyi ƙafa takwas ɗin nan na arulli kafin ki yi wa Malam gardama.

Zabiya:
Da kunne aka auna waƙar Hausa tun kafin arulli ya iso mana, Yaya.

Baƙon Dare:
Salamu alaikum, sai yanzu na samu shigowa, na tarar ana ta faɗan gaɓa. Ni ban iya awo ba, ga nawa yadda ya zo.

Ni masu tukwane nake yabawa,
Wasu na azumi, abinci suke dafawa,
Ba sa tambayar addinin mai karɓawa,
Yunwa suke yaƙa su ga bayanta.

Ƙungiyar Gift of the Givers, wadda Dakta Imtiaz Sooliman ya kafa a 1992, tana cikin waɗanda suka ciyar da ɗaliban da aka rarraba a otal-otal. Mutanen gari kuma suka yi ta kawo ruwa da barguna da sabulu. Yaron da ya fito da rigar jikinsa kaɗai, iyayensa na can nesa, abin da ya fara buƙata ke nan a daren.

Uwar Baiti:
Allah ya saka, Baƙo, ka dawo da mu hanya.

Malam Arulli:
Ma'ana ta yi kyau ƙwarai. Ɗango na biyu da na uku dai sun yi tsawo.

Barkono:
Malam, don Allah a bar bawan Allah ya huta. Inna, gare ki:

Na yarda masu akwati sun yi jihadi,
Masu tukwane ma Allah ya ba su lada da daɗi,
To amma dutsen na nan, ga shi da faɗi,
Wa zai sare fayin kafin iska ta maimaita?

Na san ɗango na biyu ya zarce, kar kowa ya ƙirga min. Inna nake jira.