Neman sunan Hausa ga cutar "damping-off"

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina zaune a Toronto, inda sanyi ba ya barin a dasa tumatir a waje sai wajen ƙarshen Mayu, don haka akan zuba irin a ɗaki, cikin ƙananan mazubai, mako 6 zuwa 8 kafin lokacin dashe. A bana na zuba tumatir da attaruhu, suka fito lafiya da kunnuwa bibbiyu, amma wata safiya sai na tarar da layi guda ya kwanta, ganyen kore shar, kara kuwa daidai inda ya taɓa ƙasa ya yi ruwa-ruwa ya sirance kamar zare. Na ɗauka ƙishirwa ce na ƙara ruwa, kafin kwana uku sauran suka bi. Turawa suna kiran wannan "damping-off", kuma ina so in bayyana wa ƙanena mai noman rani a gida, amma na rasa sunan da zan kira shi da Hausa.

Malamin gona: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a raɗa suna ya kamata a san jaririn. Ƙwayoyin cuta ne na cikin ƙasa suke haddasa wannan ɓarna, manyansu Pythium, Rhizoctonia da Fusarium, kuma Pythium yana da 'ya'yan da suke iyo a cikin ruwan da ya kwanta tsakanin ƙasa har su isa saiwa, shi ya sa ƙasa mai jiƙe sharkaf, mai sanyi, wadda iska ba ta ratsa ta, ta fi kowace haɗari. Cutar tana kama iri tun bai tsira ba ya ruɓe a ƙasa, mai shuka ya zargi mai sayar da iri, tana kuma kama shi bayan ya fito, kamar yadda ka gani. Ba ta ƙasashen sanyi kaɗai ba ce, domin masu renon tumatir da albasa a Kadawa ta jihar Kano sun san ta, musamman idan an zuba iri da sauran damina ko an cika yafi. Ina ba da shawarar "faɗuwar tsiro", kuma Jamusawa ma da faɗuwar suka sa mata suna.

Wata mai lambu daga Maraɗi: Allah ya gafarta Malam, ina da ja a kan "faɗuwar tsiro". Tsiron da aka ajiye nesa da haske yakan yi dogon wuya, ya yi fari fat, ya langaɓe ya faɗi, alhali babu cuta a jikinsa, maganinsa kawai a kusanto masa da fitila ko a fitar da shi sarari. Wanda tsutsa ta datse da dare shi ma da safe a ƙasa za a same shi. Idan suna ɗaya ya haɗa matsala uku, manomi zai sayi maganin ƙwari ya fesa wa abin da ba ƙwaro ba. A nan Nijar malaman gona suna cewa "fonte des semis" da Faransanci, wato narkewar shuka, kuma wanda ya taɓa ganin fangalin albasa ya yi sanƙo cikin 'yan kwanaki ya san narkewar gaskiya ce. Me zai hana a ce "narkewar tsiro"?

Mai fassara a gidan rediyo: Hajiya, hujjarki a kan faɗuwa ta karɓu. Sai dai Bahaushe idan ya ji narkewa, zafi yake tunawa, kamar man shanu a rana, kuma mai sauraro zai ce rana ce ta narkar da tsiron, ya ƙara rumfa ya ƙara ruwa, abu biyun da cutar ta fi so. Na gwada ƙirar da harshenmu ya saba da ita, irin ta "fasa-ƙwauri" da "ƙare-dangi". "Ka-da-tsiro" yana da daɗi a baki, amma a rubuce ba za a raba shi da "kada" dabbar ruwa ko "kada" na hani ba. "Shaƙe-tsiro" ya kwatanta sirancewar karan sosai, sai dai mun riga mun saba cewa ciyawa ta shaƙe shuka. A ganina sunan da zai yi aiki shi ne wanda zai hana hannu ɗaukar butar ban ruwa, wato ya ambaci alama da sanadi tare. Ina kawo "ruɓewar danshi". Na guji "laima" saboda tana nufin abin tare ruwan sama ma.

Malamin gona: Na janye tawa, na karɓi "ruɓewar danshi", amma da gyara ɗaya. Danshi ba shi ne cutar ba, hanya yake buɗe mata, kuma Rhizoctonia yakan yi ɓarna ko a ƙasar da ba ta jiƙe sosai ba. Saboda haka a rubutu a ce "cutar ruɓewar danshi", kalmar cuta ta tuna wa mai karatu cewa akwai ƙwayar da take yaɗuwa ta tsohuwar ƙasa da mazubi marar tsabta. A faɗa wa ƙanen naka ya ɗaga gadon renon, ya rage yafi, ya yi ban ruwa da safe, kuma maganin wanke iri irin su Apron Star yana taimakawa. Kai kuma ka wanke mazubanka da ruwan bilic na wanki kashi 1 cikin ruwa kashi 9, ka sa sabuwar ƙasar reno, ka cire murfin leda da zarar sun tsira, ka kunna ƙaramar fanka. Wanda ya riga ya kwanta ba ya tashi, a cire shi har da ƙasar gindinsa.

Mai tambaya: Na gode, malamai. Na faɗa wa ƙanena "ruɓewar danshi" ta waya ba tare da wani bayani ba, sai ya tambaye ni ko ita ce wadda take cinye masa irin albasa a kwarin fangali ta bar na tudu.