Daga marka zuwa kaka: yaya kuke yi da 'yan makaranta a gidajenku?

Maman Ummi, ƙauyen Ringim

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu ji daga bakin juna kan wannan lokaci da ke tsakanin marka da ɗaukewar ruwa. Mu a nan yara suna zaman dogon hutu duk watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi sai an auna da kwano, ga su kuma ci kamar gara. Sai a ce a koma makaranta a Satumba, daidai gero ya nuna, maigida yana neman hannu ko na ɗan shekara goma ne. Ga yunifom ya ɗage, ga takalmi ya tsinke, ga littattafan rubutu, amfanin gona kuwa bai zama kuɗi ba tukuna. Ku da kuke karkara irin tamu, yaya kuke raba yara tsakanin gona, boko da islamiyya?

Baban Sadiku, Auyo

Wa alaikumus salam. Mu nan fadamar Haɗeja, babbar rigimarmu jan-baki ce. Da zarar shinkafa ko gero ya fara ido, tsuntsayen nan sai su taso daga cikin kachalla inda suke kwana, su rufe gona. Idan ba kowa, kafin hantsi sun gama da kai. Sai an ja igiya an ɗaura gwangwanaye da ledoji, ana ihu, ana harbi da majajjawa. Wannan kuwa tun kaka da kakanni aikin yara ne.

Abin da ya ɗan taimake ni shi ne tsuntsun yana da lokaci. Da sassafe yake sauka, sai kuma la'asar sakaliya, da rana tsaka yana lafawa. To ni da ƙanena muke ɗaukar safiya, yara su tafi makaranta, in sun taso sun ci abinci su karɓe mu zuwa magariba. Islamiyyar yamma ce ke shan wahala, na kuma je na faɗa wa malaminsu baki da baki, ya ce su riƙa zuwa karatun dare. Amma kada in yi muku ƙarya, shekarar da tsuntsu ya yi yawa kowa fita yake, har mata. Wani lokaci gwamnati kan turo jirgin feshi, mu dai ba ma jiransa.

A 2022 kuwa ba tsuntsu ba ne, ruwa ne. Ambaliya ta ci gidaje da gonaki, azuzuwan firamaren da ke kusa da mu suka zama wurin kwanan mutane. Zangon farko na wannan shekara yarana ba su ga allo ba sai da sanyi ya shigo.

Malam Abban Yusra, malamin firamare a yankin Gaya

Bari in faɗi yadda abin yake daga cikin aji. Makonnin farko na komawa, in na kira suna, shiru ya fi amsa yawa. Ranar Juma'a, da yake kasuwar Wudil ke ci, wannan ba a ma magana: maza sun bi iyayensu da dabbobi, mata sun ɗauki tiren dafaffiyar gyaɗa da masara. Kuma a waɗannan makonnin ne ake kafa tushen sabon aji. Yaron da ya shigo a ƙarshen Oktoba zai tarar an yi nisa a rabawa da ninkawa, ya zauna a baya yana kallo, daga nan karatun ya fita daga ransa. Iyaye sai su ce ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali lokaci aka cinye masa.

Tun 2019 gwamnatin Kano ta ayyana karatun firamare da sakandare kyauta kuma dole, a 2024 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. Amma kyauta ba ta hana uba sayen fensir da sabulun wanki ba, na sani, ni ma uba ne kuma ina noma. Roƙona guda ne: in za ku riƙe yaro, ku aiko a faɗa mana. Kuma kada a riƙe shi don ba shi da yunifom. Ni ban taɓa korar yaro a watan Satumba saboda ya zo da kayan gida ba.

Baban Sadiku, Auyo

Allah gafarta Malam, maganarka gaskiya ce, sai dai kai albashi na zuwa maka ko tsuntsu ya ci ko bai ci ba. Mu abin da ya shiga rumbu shi ne na shekara. Da masu tsara hutu za su ɗan ja shi ya rufe girbin gero, da an rage wannan ja-in-ja.

Malam Abban Yusra

Haka ne Alhaji, ban musa ba. Amma in an ja hutu don gero, mai dawa da mai wake za su ce nasu sai Nuwamba. Ba inda za a tsaya.

Anti Maman Walida, ma'aikaciyar lafiya, Dambatta

Ni ta ɓangarena, abin da ya fi gona kwashe yara daga aji a wannan lokaci zazzabin cizon sauro ne. Daga Agusta zuwa Oktoba asibitinmu ba masaka tsinke. Maganin rigakafin da muke bi gida-gida muna bayarwa wata-wata a damina na yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Ɗan shekara 7 ko 10 ba ya ciki, kuma shi ne ake barin sa ya kwana a tabarma a tsakar gida ba gidan sauro, don an ce ya girma. Uwa da jariri suna cikin raga, 'yan makaranta suna waje sauro na biki. Wani gidan kuma ka tarar ragar da aka raba an kewaye lambun yakuwa da ita don kaji.

Don Allah in jikin yaro ya yi zafi a kai shi a ɗiga jini a gwada, minti kaɗan ne, kada a tsaya kan farasitamol na kwana da kwanaki. In an ba da magani a shanye shi duka kwana ukun, ko da ya miƙe ya fara wasa a rana ta biyu.

Sai kududdufi. Ruwa ya cika ramukan da aka haƙi ƙasar gini, yara maza ba sa jin magana. Ban da nutsewa, akwai tsargiya. Har yanzu ina haɗuwa da iyayen da ke ɗauka fitsarin jini ga yaro namiji alamar girma ce. Cuta ce, tana da magani, kuma akan raba shi a makarantu, wanda ba ya zuwa aji sai ya wuce shi.

Hajiya Iya, ƙauyen Gumel (jikarta ce ke rubuta mata)

Ku yaran zamani kuna ta lissafin wahala, ba wanda ya ambaci daɗin. Ai duk shekara ba lokacin da yaro ke ƙoshi kamar kaka. Tumu a wuta, gasasshiyar masara, ɗanyar gyaɗa, yalo, ɗinya ta nuna a daji, da daddare a kama fara a soya da yaji. In farin wata ya fito su taru a ƙofar ɗakina ana ɓarar gyaɗa ina yi musu tatsuniya, har in kore su don gobe da makaranta.

Kuma ni a gidana jikoki da kansu suke sayen takalmin makaranta. In an cire gyaɗa, sai in tura su roro ranar Asabar da Lahadi, abin da ya rage a ƙasa nasu ne. Haka kalar wake. Kowa da ƙwaryarsa a ƙarƙashin gadona, ba mai taɓa ta wani. In ta taru sai babansu ya tafi da ita kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya dawo wa kowa da abin da ya ce a sayo. Takalmin da yaro ya saya da roronsa ba ya mantawa da shi a bakin rafi. 'Yan matan kuma in zoɓo ya isa tsinka a bayan ɗaukewar ruwa suna samun na kansu, sai dai yana sa ƙaiƙayin hannu, ina shafa musu man kaɗanya da dare.

Maman Hafsa, Kura

Iya, Allah ya ƙara lafiya, kin tuna min da gidanmu. Amma roro ba zai cika akwatin 'yar makarantar kwana ba. Tawa tana babbar sakandare, duk komawa sai garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, sukari, sabulu, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Shekarun baya rigimarmu da maigida ɗaya ce kullum: shi ya ce a fitar da sabon hatsi a sayar, ni in ce a'a. Kowa ya san a kaka hatsi ba shi da daraja, kowa ya kawo kasuwa lokaci guda, 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau suna saye suna tarawa, in bazara ta yi mu koma mu saya a hannunsu da tsada. Yanzu na daina gardama. Ina da akuya da nake kiwo da sunan makaranta, ɗan da ta haifa shi ake sayarwa a Satumba. Na kuma shiga adashi na roƙi uwar adashi ta sa kwasata ta faɗo ƙarshen Agusta. Matan unguwa da yawa sun gane, har ta kai yanzu ana rububin wannan watan.

Abin da ban samo wa magani ba shi ne ɗana namiji. Nan Kura da Kadawa in an fara yankan shinkafa da bugu, yaro ɗan shekara 14 zai fita da safe ya dawo da kuɗi a aljihu. In ka ce masa makaranta sai ya tambaye ka nawa ake biya a can.

Maman Ummi, ƙauyen Ringim

Yaya Maman Hafsa, wannan dabarar adashin zan ɗauka. Ni abin da ya ƙara matse ni shekarun nan Maulidi ne da ya faɗo kan komawa makaranta, a 2024 tsakiyar Satumba, a 2025 farkonsa. Islamiyya ta ce anko, boko ta ce yunifom, tela ɗaya ne a garin. Dole ɗaya ya jira, kuma kun san wanda yara za su yi wa kuka.

Yayan Khalifa, ƙauyen Birnin Kudu

Ni ba ni da 'ya'ya tukuna, ƙannena nake riƙo. Abin da zan ƙara shi ne maciji. In an tara gyaɗa ko harawa ko damman gero sun kwana a gona, kububuwa tana shiga ƙarƙashi. Yaro kuma da hannu yake ɗagawa, ƙafa ba takalmi. Ɗan maƙwabcinmu haka ta same shi, aka tsaya tsaga da ɗauri a gida har ƙafar ta kumbura jini ya ƙi tsayawa, da ƙyar aka ceto shi a asibiti, zangon gaba ɗaya ya tafi. Yanzu nawa ba mai ɗaga tari sai ya fara tura sanda, kuma na saya musu takalmin roba mai rufi a gwanjo.

Malam, ina da tambaya. Ƙaramin namu ɗan aji huɗu ne, sussuka da jigilar kara a amalanke sun riƙe shi, ga hazo har ya fara sauka. Kunya yake ji ya koma, wai za a yi masa dariya. In bar shi sai zango na biyu?

Malam Abban Yusra

A'a ƙanena, kada ka bari. Ka kama hannunsa da kanka ranar Litinin ka kai shi wurin hedimasta, kada ka aike shi shi kaɗai, zai tsaya a hanya. Ka nemi malamin ajinsu ya haɗa shi da yaro mai cikakken littafi ya kwafe abin da ya wuce, lissafi da Turanci tukuna, sauran su biyo baya. Jarrabawar zangon farko sai Disamba, akwai sauran lokaci. Ka sa masa rigar sanyi a ƙarƙashin yunifom, tagogin yawancin azuzuwanmu ba murfi.