Kuɗin Asusu da Fitar Sallah: Muhawarar Matan Ƙungiya

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Na so in yi haƙuri har taron ƙarshen wata, amma tunda a wurin taro ba a ba irinmu damar buɗe baki sai an kusa shafa fatiha, gara in faɗi abin da ke raina a nan kowa ta gani. Lokacin da aka kafa asusun gudummawa, abin da aka gaya mana shi ne kowace mace za ta riƙa zuba naira 500 duk ranar Juma'a, ban da adashe, domin ranar haihuwa ko jinya ko rasuwa. Ana gab da Sallah aka yi wa ɗaya daga cikinmu tiyatar haihuwa a Kaduna, sai da mijinta ya sayar da masarar da suka ajiye ta ci kafin a sallame ta, kuma abin da ƙungiya ta kai mata bai wuce sabulu da turmin atamfa ba, aka ce asusu babu nauyi. Sai ga shi kwana uku da Sallah an yi shatar bas biyu an nufi wurin shaƙatawa na Gamji Gate a Kaduna da kuloli cike da shinkafa da kaji. Tambayata ɗaya ce: daga wace jaka kuɗin motar ya fito? Idan daga asusun gudummawa ne, to an ɗauki haƙƙin mai jego an yi gantali da shi.

Ma'ajin Ƙungiya:
Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, kafin a zo kan maganar kuɗi ina so ki gaya mana waɗanda kike kira masu gantali. A cikin motar nan akwai matan da suka aurar da 'ya'ya, akwai waɗanda suka sauke farali, akwai Goggo wadda ta riƙe ki a zanen goyo. Babu wadda ta taka ƙofar gida sai da izinin maigidanta, kuma kafin a kira magariba kowa tana ɗakinta. Mai gantali ita ce wadda ta fita ba a san inda ta nufa ba, ba a san lokacin dawowarta ba. Ki janye wannan kalma tukuna.

Facalar Uwar Biyu:
Hajiya Ma'aji, da girman kujerarki, ba ta ce ku masu gantali ne ba, cewa ta yi an yi gantali da kuɗi, kuma ko yaro ya san akwai bambanci. Mun saba jin ana cewa dukiyar wane ta tafi a banza ba tare da an zagi mai dukiyar ba. Ita dai tambaya ta yi.

Goggo:
Ke 'yar nan, kuɗi ba shi da ƙafa. Idan an ce kuɗi ya yi gantali, ai wanda ya ɗauke shi ake nufi. Ni da na shekara ina tuƙa ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, rana ɗaya tak na fita na ga kogin Kaduna da idona, na taka tsohuwar gadar ƙarfen nan da aka ce Bature ya gina, jikokina suna riƙe da hannuna, shi ne yau za a kira ni da sunan da ko a ƙuruciyata ba a taɓa kira na da shi ba. Allah ya isa ban ce ba, amma raina ya ɓaci.

Malamar Islamiyya:
Ina roƙon a sassauta, domin harshe yana ɓata abin da aka daɗe ana ginawa. Fitar mace ranar idi ba sabon abu ba ne a addini. Ya tabbata a hadisin Ummu Aɗiyya cewa an umarci mata su fita zuwa filin idi su halarci alheri da addu'ar Musulmi, kuma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kalli Habashawa suna wasa da mashi a masallaci, Manzon Allah (SAW) yana kāre ta. A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata ke tasowa ƙungiya-ƙungiya daga ƙauyuka ƙarƙashin jagorancin jaji su je wurinta ɗaukar karatu. Saboda haka tafiyar mata a ayari, cikin sutura da kamun kai, ba za a kira ta da wancan suna ba. Sannan wurin da muka je ba wurin ashararanci ba ne. Sunansa na hukuma sunan Janar Hassan Usman Katsina ne, wanda ya yi gwamnan Jihar Arewa daga 1966, kuma gadar da Goggo take magana an gina ta ne a Zungeru a 1904, zamanin Gwamna Lugga, aka ɗauko ta zuwa Kaduna a 1954. Yaranmu sun ga tarihi da idonsu.

Matar Liman:
Malama, ki yi mini afuwa, amma kada a jawo Nana Asma'u cikin wannan zance. 'Yan Taru karatu suke zuwa nema, kuma galibinsu tsofaffi ne da 'yan mata ƙanana, matan aure masu ƙuruciya suna gida ana kawo musu karatun. Ban ji an ce sun yi anko sun tafi hawa lilo ba. Ni ban ce gantali ba ne, amma kuma ba zan yarda a mayar da shi ibada ba. Yawon Sallah ne, a kira shi da sunansa.

Malamar Islamiyya:
Babu wadda ta hau lilo a cikinmu sai yara, Hajiya, kuma da kin zo da kin gani. Ina kuma tuna miki cewa bara, da aka je kallon hawan Daushe a Zariya, ke ce a kujerar gaba, kuma ke ce kika nace sai mun tsaya har Mai Martaba Sarkin Zazzau ya wuce, alhali rana ta yi sanyi, muka shigo gari bayan isha'i. A lokacin ban ji kin kira shi yawo ba.

Matar Liman:
Hawan sarki daban, wurin wasan yara daban. Zazzau ce masarautarmu, kuma tun da aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli a 2020 yawancinmu ba mu taɓa ganin hawansa ba sai ranar. Bana ma ni na ba da shawarar a je Turunku, ga ta nan kusa da mu a Igabi, yara su ga garin da ake danganta shi da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, kuɗin mota kaɗan, amma 'yan birni suka ce su ba za su yi kwalliya su tafi kallon duwatsu ba.

Anti ta Kawo:
Na san da mu ake. Duk lokacin da magana ta taso sai a ce 'yan birni, kamar aure ne ya cire mu daga garin da aka binne cibiyarmu. Mu da ke Kawo da Rigasa da Tudun Wada mu ne muke karɓar baƙuncin duk wadda aka kwantar a asibiti, mu ne muke dafa kunu da ruwan zafi mu kai da asuba. Ita kanta mai jegon da ake magana a kanta, ni na kwana da ita daren da aka fito da ita daga ɗakin tiyata, ni na riƙe jaririn ana neman jini. Uwar Biyu kuwa ko leƙe ba ta yi ba sai ranar suna.

Facalar Uwar Biyu:
Anti, mace mai tagwaye a hannu, ga azumi, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, ta yaya za ta zo Kaduna jinya? Tunda kuma kin taɓo maganar hidima, sai ki yi mana bayanin ankon bana. Ke aka ba kuɗi kika shiga Kasuwar Gumi, kika kawo atamfar da wankin farko ta zuba, ruwan bahon ya koma shuɗi, har farin hijabin da na jiƙa tare da ita ya tashi daga aiki. An ce mana mai tsada ce, ƙanwata kuwa ta ga irinta a Kasuwar Barci da rangwame mai yawa.

Anti ta Kawo:
Wadda ƙanwarki ta gani ba ita ba ce, zanen ne kawai ya zo ɗaya. Kuma wa ya ce ki jiƙa sabuwar atamfa da farin kaya? Shekara mai zuwa sai a ba ki kuɗin, ki sha ranar azumi kina zagaya layin 'yan atamfa, ki ɗauko daurin a Keke Napep har tasha, mu ga wadda za ki kawo.

Ungozoma:
'Yan'uwa, na karanta duk abin da aka rubuta, kuma har yanzu ban ga amsar tambayar farko ba. Ni na raka yarinyar nan asibiti da tsakar dare bayan naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, na ga yadda mijinta ya tsaya a bakin taga yana ƙirga canji ana jiran ya biya kafin a shiga da ita. Ba na goyon bayan kalmar da aka yi amfani da ita, amma Hajiya Ma'aji, littafi yana hannunki. Nawa ne a asusu kafin Sallah, nawa ya rage yanzu? Layi biyu sun isa a kashe wannan wuta.

Ma'ajin Ƙungiya:
Yaya, littafin yana wurin ɗana, shi ne yake rubuta mana lissafi, kuma ya koma makaranta Zariya da shi cikin jakarsa bisa kuskure. Abin da nake iya tunawa shi ne kowace mai tafiya ta ba da nata kason, wasu kuma suka ce a cike musu za su biya idan sun kwashi adashe. Ciko ba sata ba ne. Shekara da shekaru ina riƙe da kuɗin nan ko sisi bai taɓa yin ciwon kai ba, sai yau da aka fara da kiranmu masu gantali za a ƙare da kirana ɓarauniya.

Uwar Biyu:
Ban kira kowa ɓarauniya ba, Hajiya. Amma kin ce an yi ciko, to daga ina aka cike, kuma su wa aka cike wa?

Goggo:
Har yanzu yarinyar nan ba ta janye kalmarta ba, sai ƙarin tambaya take yi kamar alƙali. A zamaninmu idan babba ta ce ranta ya ɓaci, durƙusawa ake yi tukuna. Ni dai ba zan sake zama inuwa ɗaya da ita a taro ba sai ta zo har ɗakina ta ba ni haƙuri, kuma uwarta ma za ta ji wannan magana daga bakina.

Amaryar Gidan Sarkin Noma:
Ni sabuwa ce a cikinku, amma gaskiya na ji daɗin fitar nan, domin tun da aka kawo ni garin ban taɓa zama da matan unguwar gabas mun ci abinci a faranti ɗaya ba sai ranar. Abin da kawai zan ce, motarmu ta biyu ba a ba mu kaza ko ɗaya ba, duk suna motar shugabanni, mu sai zoɓo da cincin.

Sakatariya:
Bisa umarnin Hajiya Shugaba, wadda ta bi muhawarar tun farko ba ta sa baki ba saboda dattaku, ga taƙaitaccen abin da aka tattauna. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun amince cewa fitar Sallah ta bana ta yi armashi, ta ƙara danƙon zumunci, kuma Malama ta kawo hujjoji daga addini da tarihi waɗanda ba a iya ture su ba. An yi ittifaƙi cewa kalmar gantali ba ta dace da matan aure masu mutunci ba, kuma ana jiran wadda ta furta ta ta je ta ba Goggo da sauran iyaye haƙuri kafin taro mai zuwa. Game da kuɗi, Hajiya Ma'aji, wadda kowa ya san amanarta, ta yi gamsasshen bayani, kuma za a duba littafi idan ɗanta ya zo hutu. Maganar atamfa an gano kuskuren wanki ne. Ni da na zauna a motar farko ina shaida cewa an aika da kula guda ta kaji zuwa mota ta biyu, sai dai a tambayi waɗanda suka zauna kusa da ƙofa. Shugaba ta kuma ce daga yau duk mai ƙorafi ta same ta a gida maimakon ta rubuta a nan. Za a fara karɓar kuɗin ankon Babbar Sallah ranar Juma'a bayan la'asar a gidan Ma'aji, kuma waɗanda ke son a je Zariya su ba da sunansu da wuri saboda shatar mota.