Wane littafi zan ba Abdul a hutun nan?

Maman Abdul: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Yarona shekararsa 14, ba abin da yake so irin labarin aljanu da jarumai da tafiya wata duniya. Ina son wanda zai ji daɗinsa, kuma ya ƙara masa tsoron Allah. Ba na so hutun nan ya ƙare masa a kan waya.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951. Yaron da ba ya iya tafiya, Allah Ya ba shi lafiya da ƙarfi.

Anti Rabi: Ko me za ki saya, don girman Allah ki fara karantawa da kanki. Bara na biya wa Ilham kuɗin wani littafi da ake turowa a WhatsApp, an rubuta "faɗakarwa" a sama, har da aya a shafin farko. Labarin wata yarinya ce mai haddar Alƙur'ani da aljani ya ɗauke. Na ce alhamdulillah, na samu abin da nake nema. Kwana uku na lura in na shigo ɗaki sai ta kifa wayar a kan katifa. Da ta yi barci na ɗauka na duba. Wallahi daga babi na shida batsa ce zalla, abin da ni uwa ba zan iya maimaitawa ba. Ga boka shi ke warware komai, addu'a kuwa sai an ƙare ake jefa ta a layi ɗaya. Na yi kuka a daren nan, don ni na miƙa mata da hannuna. Na yi wa marubuciyar magana, sai cewa ta yi ai darasin yana ƙarshe.

Maman Abdul: Innalillahi. Allah Ya shirya mana zuri'a.

Malam Sani: Amin. Ni dai ban ga dalilin tura yaro ga ƙagaggen labari ba. Ga Ashabul Kahfi, samari ne, barcin shekara 309. Ga Annabi Sulaimanu da ifritu da gadon sarautar Bilƙisu. Wane marubuci ne zai kawo abin da ya fi wannan?

Baban Sadiq: Allah gafarta Malam, ba wanda ya ce ya fi. Amma yaro na zuwa Islamiyya safe da yamma, wannan na bayan la'asar ne.

Malam Sani: Bayan la'asar ɗin ne shaiɗan ya fi samun kasuwa.

Maman Rifkatu: Idan yana jin Turanci akwai Narnia na C.S. Lewis, littattafai 7 ne, ba batsa ko kaɗan. Amma gara in faɗa miki tun yanzu, Maman Abdul: zakin da ke ciki an kashe shi ya tashi, misalin Yesu ne a wurinmu. Ki sani kafin ki saya.

Maman Abdul: Na gode da kika fito min fili, 'yar uwa.

Kawu Idi: Ku kun manta da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo? 1969. An ɗauki yaro an zaga da shi sararin samaniya yana ganin ikon Allah. A firamare muka karanta, sati guda ina leƙen sama da daddare. Ganɗoki ma haka, ya je ƙasar aljanu yana musuluntar da su. A Zariya aka buga su fa, Kanawa ku ji da kyau.

Baban Sadiq: Ku buga, mu sayar. Wa ya ci riba, Bazazzagi?

Kawu Idi: Shi ya sa kuka cika mana kasuwa da littattafan yaƙi, shafi ɗaya a sare kai dubu.

Anti Rabi: Ku bar wasan nan, matar nan tambaya ta yi.

Hajiya Binta: Ni jikokina Magana Jari Ce nake sa babbansu ya karanta mana bayan isha'i, labari ɗaya kullum. Ƙananan ba sa yarda su kwanta sai an ji abin da aku ya ce.

Malam Sani: Wannan kam ban ƙi ba, tunda a gabanki ake yi.

Maman Abdul: To Iliyan nan har yanzu ana samunsa kuwa?

Baban Sadiq: Ki duba masu littattafai na bakin Bata a Kano. Nawa na nan, amma Sadiq ya yage shafi huɗu na ƙarshe.

Hajiya Binta: Duk mai zuwa Bata ya taho min da Magana Jari Ce littafi na uku, namu ya ɓata tun azumi.