Kocin ɗana ya ce mu cire shi daga makaranta mu tura shi Santo Domingo, wai zai zama José Ramírez

Maman 'Yan Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka san harkar besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda a zagaya kusurwoyin fili, don ni ban san kanta ba. A Bronx muke zaune, cikin birnin New York na Amurka. Babban ɗana shekararsa 15, kuma tun yana ƙarami yake bin yaran maƙwabtanmu 'yan Dominikan zuwa fili, yanzu abin ya shiga jininsa. A cikin fili yake tsaro, tsakanin kusurwa ta biyu da ta uku, wurin da suka ce sai mai zafin nama ake sakawa.

Kocinsa, shi ma ɗan Dominikan ne, ya zo har gida ya ce wa babansu yaron yana da baiwa amma a nan ɓata lokaci yake yi. Wai mu cire shi daga sakandare mu tura shi wurin wani ɗan uwansa mai horar da yara kusa da Santo Domingo, babban birnin ƙasarsu ta Dominikan, ya yi shekara ɗaya ko biyu, wata babbar ƙungiya za ta ɗauke shi. Da na ce yaron ba shi da jiki, sai ya ce ai José Ramírez ma gajere ne, kowa ya raina shi, ga shi yau yana cikin manya. Yaron dama hoton wannan Ramírez ɗin ne manne a ɗakinsa. Babansu ya fara karkata, ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Wane ne wannan mutumin, kuma hanyar da ya bi za ta ɓulle da namu?

Direban Tasi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Rediyon motata ba ya barin tashar wasanni, don haka bari in ba ki labarin mutumin yadda yake, sai ki auna da abin da koci ya faɗa.

An haifi José Ramírez a 1992 a Baní, wani gari da ke yamma da Santo Domingo. Ƙungiyar Cleveland ta ɗauke shi a 2009 yana ɗan shekara 17, a kan dala 50,000 kacal, lokacin da yaran da ake ji da su suke karɓar miliyan ko fiye. Maganar gajarta gaskiya ce, tsayinsa bai wuce santimita 175 ba. Ya fara buga babban lig na MLB, gasar besbol mafi girma a Amurka, a watan Satumban 2013. To amma inda kocin ya tsallake ke nan. Shigar ba ta zama zama ba. A 2014 an yi ta kai shi ana dawo da shi tsakanin babban lig da ƙaramin. A 2015 aka ba shi wannan gurbin da ɗanki yake tsayawa, dukansa ya ƙi ci, a watan Yuni aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Columbus, ba a jima ba aka ɗauko Francisco Lindor aka ba shi gurbin. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka iyakarsa ɗan cike gurbi.

Sai a 2016 ya buɗe. Ya yarda a sa shi duk inda babu mutum, har can bayan fili, kafin ya zauna a kusurwa ta uku. A shekarar suka kai wasan ƙarshe na duniya, wato jerin wasannin da ake fitar da zakaran MLB, Chicago Cubs ta doke su a wasa na bakwai. Daga nan ne ya zama wanda ɗanki ya manna a bango: a 2017 da 2018 ya zo na uku a zaɓen gwarzon lig ɗinsu, a 2020 na biyu, a 2024 ya fitar da ƙwallo waje da katanga sau 39, abin da ake kira homran, ya kuma saci kusurwa sau 41, wato ya ruga zuwa kusurwa ta gaba ba tare da jiran a doki ƙwallo ba. Yana duka ta dama yana duka ta hagu. Ki lissafa, daga sa hannu zuwa samun gindin zama shekara bakwai ce, kuma shi ne wanda abin ya yi wa kyau. Yaran da aka ɗauka tare da shi a Baní da San Pedro de Macorís, akasarinsu ba wanda ya ƙara jin sunansu.

Malamar Sakandare:
Yaya, ni ta fuskar doka da makaranta zan zo miki, don a nan ne kocin bai yi muku bayani ba. Ƙofa biyu ce ake shiga MLB. Yaron da ke zaune a Amurka, Kanada ko Puerto Rico, ta hanyar diraf yake shiga, wato zaɓen da ƙungiyoyi suke yi duk watan Yuli, zagaye 20, kuma sai ya gama sakandare. Wanda ke wajen waɗannan ƙasashe kuwa, ana iya ɗaukarsa kai tsaye tun yana ɗan shekara 16, ana buɗe kakar sa hannu ranar 15 ga Janairu. Kafin a lissafa ɗanki a rukuni na biyu, sai ya koma can da zama kuma ya yi shekara guda ba ya cikin sakandaren Amurka. Abin da ya sa ake ce muku ku cire shi ke nan. Ba horon ne ya buƙaci haka ba, dokar ce.

Ga kuma abin da ya fi damuna. A can, manyan kuɗin ana gama alƙawarinsu da baki tun yara suna shekara 13 ko 14. Ɗanki zai isa yana 15, ba zai cancanta ba sai ya kusa 17, a idonsu ya fara tsufa. Idan ba a ɗauke shi ba, zai dawo Bronx ba takardar sakandare, ga tsaransa suna shirin jami'a.

Ɗan Zango:
Ni fa kada mu yi saurin kashe wa yaro gwiwa. Mu Hausawa da an ce wasa sai mu ce shiririta, sai yaron wani ya yi suna mu fara cewa da mun sani. Na zauna da 'yan Dominikan shekaru, har Sifaniyancinsu ina ji. Mutanen nan besbol a wurinsu sana'a ce. Duk ƙungiyoyi 30 na MLB suna da makarantar horo a ƙasar. A can rana tana nan duk shekara, yaro yana fili kullum, a nan kuwa daga Nuwamba zuwa Maris sanyi ya kulle komai. Kuma ba a kansa aka fara ba. Alex Reyes a New Jersey aka haife shi, ya koma can, St. Louis Cardinals ta ɗauke shi a 2012 a kan dala 950,000, ya kuma kai babban lig.

Malamar Sakandare:
Ɗan Zango, gaskiya ne, amma Reyes iyayensa 'yan can ne, gidan danginsa ya sauka, yarensu yake ji. Kuma mai jefa ƙwallo ne, wanda na'ura ke auna gudun jifarsa kowa ya gani. Ɗan Yaya a hannun wa zai sauka?

Direban Tasi:
Tambayar ke nan. Mai horon da ake maganar, irinsu ake kira buskon. Shi zai ciyar da yaro, ya ba shi wurin kwana, ya horar da shi, in an ɗauke shi ya yanki kasonsa daga kuɗin sa hannu, kuma kason ba ƙarami ba ne. A cikinsu akwai mutanen kirki da suka fitar da gidaje daga talauci, akwai kuma waɗanda yaro a wurinsu haja ce. Hajiya ki tambaya ko shi kocin na nan yana da kaso a ciki. Ba zargi ba ne, haka harkar take tafiya.

Tarihin manyansu ma ya nuna yadda tsarin yake. Adrián Beltré, wanda ya shiga zauren gwarazan besbol a 2024 bayan ya doki ƙwallo cikin nasara sau 3,166, Dodgers ta ɗauke shi a 1994 yana ɗan shekara 15, ƙasa da abin da doka ta yarda. Da abin ya fito fili a 1999 sai da aka hukunta ƙungiyar. Miguel Tejada, ɗan Baní kamar Ramírez, gwarzon lig a 2002, sai a 2008 aka gano ya girmi shekarun da ke takardarsa da biyu. Ban ga laifin yaron da ya rage shekara don ya ciyar da uwarsa ba, amma ki ga irin matsin da ke wurin. Sai kuma batun ƙwayoyin ƙara ƙarfi, wanda ya fi ba ni tsoro. Robinson Canó, mutumin da ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 240 da Seattle, an dakatar da shi wasa 80 a 2018, aka sake dakatar da shi kakar 2021 gaba ɗaya. Idan mai likitoci da lauyoyi ya faɗa, ina ga ɗan shekara 15 da wani ya miƙa wa allura ya ce bitamin ce?

Kawun Yara:
'Yata, duk wannan lissafin dala ne. Ni abin da zan tambaya, wa zai tashe shi sallar asuba? Me zai ci a gidan da naman alade yake cikin tukunya kusan kullum? Azumi ya zo, wa zai ce wa mai horo yaron nan ba zai sha ruwa ba? A Bronx ma da masallatai a kowace kusurwa muna fama. Shekara 15 ba shekarar da ake sakin yaro ba ce. Sannan in katin zama gare shi, ku sani wuce shekara a waje yana iya jawo a ce ya yi watsi da shi.

Maman 'Yan Uku:
Kawu, a nan aka haife shi, fasfon Amurka gare shi. Maganar salla da abinci kuwa ita ta fara hana ni barci. Amma in na ce a'a kawai, yaron zai ɗauka na tsaya masa a hanya, babansu ma haka. Akwai wata hanyar da zan nuna musu?

Mai Shagon Harlem:
Akwai, Hajiya, kuma 'yan Dominikan ɗin ne da kansu suka fi bin ta in sun samu. Albert Pujols a Santo Domingo aka haife shi, iyalinsa suka taho New York a 1996, suka wuce Missouri. Ya yi sakandare, ya shiga ƙaramar kwaleji, Cardinals ta zaɓe shi a zagaye na 13 a 1999. Ya yi ritaya da homran 703. Jeremy Peña, mai tsayawa daidai inda ɗanki yake tsayawa, shi ma haifaffen Santo Domingo ne amma a Providence ya tashi, ya yi Jami'ar Maine, Houston ta zaɓe shi a 2018, a 2022 ya zama gwarzon wasan ƙarshe na duniya a shekararsa ta farko. Manny Ramírez, wani Ramírez ɗin daban, shi ma haifaffen can, nan unguwar Washington Heights ta New York ya yi sakandaren George Washington, Cleveland ta ɗauke shi a 1991. Ke nan mutanen can suna tsallako ruwa su bi ta ƙofar da ɗanki ya tarar a buɗe, ku kuma ana ce muku ku juya. Kamar mai rijiya a tsakar gida ne ya ɗauki tulu ya nufi rafin da ake layi.

José Ramírez bai zaɓi hanyar Baní a kan wata ba, ita kaɗai ce gare shi. In yaron yana son koyi da shi, ga abin koyi nan: an mayar da shi baya ya dawo, an canza masa gurbi bai yi fushi ba. A 2022 ma, da ana ganin zai fi samun kuɗi a wani wurin, ya zauna a Cleveland kan dala miliyan 141 na shekara bakwai da sharaɗin ba za a sayar da shi ba sai da yardarsa. Wasu sun ce ya yi wauta. Ni dai na ga mutum ne da ya san abin da yake so.

Ɗan Zango:
To na ji, ban da ta cewa a kan Pujols. Amma kada a ce hanyar nan kyauta ce. Ƙungiyoyin bazara da ke yawo jiha zuwa jiha, inda masu farautar 'yan wasa suke zuwa kallo, kuɗi suke ci sosai: rajista, mota, otal. Iyaye da yawa nan suke sarewa. In za ku ce masa ya zauna, to ku shirya kashe masa, kada a hana shi can kuma a bar shi a nan yana jifan bango.

Malamar Sakandare:
Wannan gaskiya ne. Yaya, ki fara da kocin makarantarsu da mai ba ɗalibai shawara, ki ce yana son buga wa jami'a. Akwai darussa da makin da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA take buƙata, gara a duba tun yanzu yana aji na ƙasa. Ki tambayi shirin RBI na MLB, wanda aka yi don yaran cikin birni. In maki bai kai ba, ƙananan kwalejoji na shekara biyu suna nan, daga can ma ana zaɓa. Kuma ki nemi wani masanin da ba shi da ko sisi a cikin maganar ya kalli wasan yaron ya gaya muku gaskiya, ko da ba za ta yi daɗi ba.

In ana son ya ɗanɗana horon can, hutun bazara ya isa: makonni kaɗan, tare da babansa, ba tare da an sa hannu a kowace takarda ba. Takardar da ke ba wani kaso daga abin da yaro zai samu nan gaba, kada ku taɓa ta sai lauya ya karanta, domin tana iya ɓata masa damar buga wa jami'a.

Maman 'Yan Uku:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa babansu duka, maganar Peña ce ta fi kama shi. Mun tsaya a kan yaron zai gama makaranta, batun hutun bazara kuma sai mun ga kuɗin jirgi. Kocin ya ce ranar Asabar zai kira ɗan uwan nasa a waya mu gaisa, kuma mutumin ba ya jin Turanci. Ina so in tambaye shi kaso nawa yake ɗauka da kuma inda yara suke kwana, amma ba na so kocin ne zai yi mana tafinta.

Ɗan Zango:
Anti, in bayan la'asar ne zan zo in yi muku. Ki ce wa Alhaji ya turo min adireshin ta akwatin sirri.