Wace ce Farfesa Joy Lawn, da gaske ta taɓa aiki a Gee?

Ummu_Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina karatun ungozoma ne, malamarmu ta ba mu aiki a kan masu binciken lafiyar jarirai, kuma sunan da na samu shi ne Joy Lawn. Wata ta ce min wai matar ta zauna a nan Kumasi, ta yi aiki a asibitin Komfo Anokye da muke kira Gee. Da gaske ne? Kuma me ta yi ne haka da ake ta ambatonta a littattafanmu? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Baban_Sadiya:
Wa alaikumus salam 'yata. Gaskiya ne. Likitar yara ce 'yar Ingila amma a Yuganda aka haife ta, ta yi karatun likita a Nottingham, sannan a shekarun 1990 ta zo Kumasi tana koyarwa tana kuma duba jarirai a Gee. Daga nan ta tafi Atlanta a Amurka, sai ta shiga shirin ceton jarirai na Save the Children, yanzu farfesa ce a makarantar nan ta Landan mai nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi. An zaɓe ta mamba a majalisar masana kimiyyar likitanci ta Birtaniya, haka ma a ta Amurka, kuma ba kowa ke shiga waɗannan wuraren ba.

Amma ni abin da ya fi kama min zuciya a aikinta shi ne ƙirga. A 2005 ita da abokan aikinta suka fitar da bincike a mujallar Lancet, suka nuna jarirai kusan miliyan 4 ne ke rasuwa duk shekara kafin su cika kwana 28, kashi uku cikin huɗu a satin farko, kuma kusan duka a ƙasashe irin namu. Ki duba zangonninmu, jaririn da ya koma kafin ranar suna shiru ake kai shi makwanci, babu takardar haihuwa babu ta mutuwa, a ce wa uwar ta yi haƙuri Allah zai ba ta wani, shi ke nan, to in ba a rubuta shi ba ta yaya gwamnati za ta ware kuɗi dominsa? Ita ta dage sai an ƙirga su, har da waɗanda aka haifa babu rai.

Nas_Asawase:
Baba ya faɗi babba. In ƙara miki don aikinki, dalilai uku suka fi kashe jarirai a binciken: haihuwar bakwaini, ƙwayoyin cuta, da jariri ya kasa numfashi lokacin haihuwa. Tana cikin waɗanda suka jagoranci rahoton 2012 da ya ce ana haifar bakwaini miliyan 15 a shekara, da kuma tsarin da Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2014, burin dai kowace ƙasa ta sauko zuwa mutuwa 12 ko ƙasa da haka cikin haihuwa 1,000 kafin 2030. Kar ki manta da goyon kangaru, a ɗora bakwaini tsirara a ƙirjin uwa a ɗaure da zani. A Bogota ta Kolombiya aka fara shi a 1978, ba ita ta ƙirƙiro ba, amma ta tattara hujjar cewa yana rage mutuwa sosai.

Hajiya_Tafo:
Jikana bakwaini ne, da aka fito da shi daga kwalba nas ta ce uwarsa ta riƙa ɗaura shi a ƙirji dare da rana, dangin uban suka ce wannan wace irin sabuwa ce, a yi masa wankan ruwan zafi a gasa cibiya kamar yadda aka saba. Na ce a'a, abin da likita ya ce shi za a yi, in uwar ta gaji ni nake karɓa in ɗaura. Yanzu yana makarantar allo. 'Yata ki rubuta wannan ma, mu kakanni a riƙa yi mana bayani tun ranar awo, don mu ke riƙe da mai jego a gida.

Ummu_Aboabo:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya, Allah Ya raya shi. Anti Nas, rahoton 2012 ɗin nan ana samunsa kyauta a intanet ko sai na je laburare?